Idon Kafinta — Shafi na 11

Na ga saƙonninku. Masu cewa 'ya'yan nan sun kyauta, ku karanta wannan tukuna.

*

Jinin ya tsaya, amma Inna ba ta ɗauke tsumman daga goshin mijinta ba.

Kafinta na zaune a sabuwar kujera, irin mai laushin nan da ke haɗiye mutum har kafaɗa. Hannuwansa a kan gwiwoyi. Bai ce uffan ba tun da aka ɗaga shi. Ƙasan falon kuwa ya cika da fasasshen gilashi, na teburin da ya yi karo da shi ya kife a kai, ko zama ba su yi ba da dawowarsu.

'Ya'yansu biyu ne suka ƙulla abin. Auta ta kwashe su zuwa gidanta, wai su je su ga jikoki. Babba kuma ya zuba ma'aikata a nan. Aka fitar da kujerun katakon da Kafinta ya ƙera da hannunsa tun yana ji da ƙarfi. Aka naɗe tsohuwar darduma, aka shimfiɗa tayil mai santsi. Aka kawo teburin gilashi aka dasa a tsakiyar hanya. Kyauta ce, wai don tsofaffi su ji daɗin sauran kwanansu.

Abu ɗaya ne 'ya'yan ba su sani ba sai yau. Idon ubansu ya daɗe da mutuwa. Da tafin ƙafa da tafin hannu ya san gidan nan, sauran duniya kuma a bakin matarsa yake ganin ta.

Auta ta durƙusa a gabansa, ta ɗaga yatsu uku.

"Baba, nawa ne wannan?"

Inna ta ce, "Sauke hannunki."

"Inna, so nake kawai in tabbatar."

"Ubanki ne, ba ɗan aji ɗaya ba. Ba ya gani. Kin ji daga bakina, ba sai kin yi masa jarrabawa ba."

Babba na tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, kamar baƙon da bai gama shawarar shigowa ba. Furfura ta fara cin gemunsa, amma a idon Inna har yau yaron nan ne mai fasa abu sannan ya tambayi wanda ya ajiye shi a wurin.

Ya ce, "Tun yaushe?"

"Tun matarka na da cikin ƙaramin ɗanku."

"Yaron da yanzu ba a iya kama shi da gudu?"

"Shi."

"Ba zai yiwu ba. Da na kawo sabuwar mota ya fito ya zagaya ta. Har ya ce baƙar ta fi farar da na sayar kwarjini."

"Ni na ce masa baƙa ce."

Auta ta ɗago kai. "Kiran bidiyon da muke yi fa? Kwanaki ya dube ni ya ce na rame."

"Ni na ga kin rame, na raɗa masa. Idan ni na yi magana sai ki ce mita ce. Idan daga bakinsa ta fito sai ki je ki ci abinci."

Wani ɗan sauti ya kuɓuce daga hancin Kafinta, kamar dariyar da aka danne. Inna ta ƙara danna tsumman har ya yamutsa fuska.

Auta ta ce, "A gidana ma, duk zaman da kuka yi, cewa ya yi bayansa ke ciwo. Shi ya sa ba ya tashi sai kin riƙe shi."

"Bayansa ya fi naki lafiya."

Babba ya jefa makullin a aljihu. "Wato kun mayar da mu shashashai."

"Ban mayar da kowa komai ba. Kuna zuwa kamar masu duba mitar wuta. Ku leƙo, ku latsa waya, ku ce hanya na da nisa. Duk wanda ya zauna a gidan nan har shayinsa ya huce, ya gane. Maƙwabta sun gane. Ku ne ba ku taɓa bari ya huce ba."

"Amma akwai asibiti, Inna."

"Mun je. Likita ya haska fitila, ya ce jijiya ce, an makara."

"Likita ɗaya ba shi ne ƙarshen duniya ba."

"Ban ce shi ne ba. Matsa, in ɗauko tsintsiya kafin wani ya sake yankewa da kyautarka."

Ta ɗora hannun mijinta a kan tsumman, ta yunƙura. Gwiwarta ta dama ta yi ƙara. Ta cije leɓe, ta dafa bango har zafin ya sake ta. Auta ta gani. Inna ta ga ta gani, ta kawar da kai.

Ta shiga lungun da ke kaiwa bayan gida. Bangon ya sha fenti, fari tas, ko tabon yatsa babu. Ta tsaya.

"Babba."

"Na'am."

"Ina igiyar da ke jikin bangon nan?"

Ya biyo ta. "Wace igiya? Ta shanya? Na sa an cire, ta ɓata wurin."

"Wa ka taɓa gani yana shanya a cikin lungu, a tsayin ƙugu?"

Ya dubi bangon.

"Ita yake bi daga ɗaki zuwa banɗaki. Ƙullin farko ƙofarmu, na biyu ƙofar kicin. Tabarmar da ke bakin ƙofa fa, mai kaushin nan?"

"Ta tsufa, Inna."

"Da ita ƙafarsa ke sanin akwai matakala a gaba. Rediyo?"

"Na sayo muku talabijin."

Ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta wuce.

A bayan gidan akwai ɗan ɗaki mai rufin kwano. Nan ne shagon Kafinta tun da ya bar na bakin titi. Tun daga nesa ta san an taɓa shi, don ƙamshin katako ne ke tarbar mutum, yau kuwa warin fenti ne. Ta tura ƙofar.

Babu teburin aiki. Babu ƙusoshin da zarto da guduma ke rataye a kai, kowanne a inda hannu zai same shi ba tare da lalube ba. Babu ƙaramar kujerar da ya fara yi wa jikan maƙwabciya, wadda saura ƙafa ɗaya. Sai wata doguwar kujerar kwanciya, da fanka, da hoton teku a bango.

Babba ya yi gyaran murya a bayanta. "Ɗakin hutu ne. Na ce Baba ya riƙa kishingiɗa da rana, ya sha iska."

"Ina zarton ubanka?"

"Inna, tsofaffin ƙarafa ne."

"Ina zarton ubanka?"

"Na raba wa ma'aikatan. Suna ta godiya ma."

"Kujerun falo?"

"Su ma."

Inna ta juyo a hankali, saboda gwiwar, ta koma falo. Babba na biye da ita yana magana.

"Kuma yanzu da na san halin da ake ciki, gara da na bayar. Ki duba mana. Makaho da zarto, Inna?"

Auta ta rufe baki da hannu. Kafinta bai motsa ba.

Inna ta ce, "Maimaita."

"Ba haka nake nufi ba."

"A'a, maimaita. Ubanka na jin ka, kunnensa ƙalau."

"Ku yi haƙuri."

"Doguwar kujerar da ɗanka ke hawa yana cin abinci, wadda aka aika muku bara. Matarka ta kira tana cewa ƙawayenta na tambayar inda aka saya. Makahon ne ya yi ta. Ta taɓa rawa?"

Babba ya sunkuyar da kai. Can ya dubi ƙanwarsa. "Auta, zo."

Suka fita baranda, suka ja ƙofa.

Inna ta samo tsintsiya a bayan sabon firji, ita ma sabuwa, mai dogon mariƙi na roba. Ta fara tara gilashin. Ta saci kallon mijinta. Hannunsa na dama na yawo a kan hannun kujerar, yana neman ɗan ramin nan da babban yatsansa ya saba zama a ciki, a tsohuwar kujerarsa. Sai soso da yadi yake samu.

Ta rage murya. "Kai kuma ka yi shiru kamar an aiko ka. Kayanka ne aka rabar. Ka yi magana mana."

"Ki share gilashin, Innarsu."

"Ina sharewa. Kuma da muka shigo na ce maka ka tsaya. Da ƙarfi na faɗa. Ko kunnen ma ya fara bin sahun idon ne?"

Ya ci gaba da laluben hannun kujerar.

Abin ya tsaya mata a rai. Tun da idon ya tafi, kalma ɗaya ce ba ya musu da ita. Ko a tsakiyar faɗa suke, ko yana cikin gaya mata shayinta ya yi ruwa, idan ta ce tsaya, sai ya ƙame kamar an dasa shi. Yau bai tsaya ba.

Ƙofa ta buɗe. 'Ya'yan suka shigo, Babba a gaba, Auta na share ido. Suka zauna a gefen kujera ɗaya, kamar masu zuwa gaisuwar rashin lafiya.

Babba ya ce, "Inna, mun yi shawara."

"Ku biyu."

"Eh."

"A kanmu."

"Ki saurare ni har ƙarshe, don Allah. Gidan nan ba zai zaunu gare ku ku kaɗai ba. Yau goshi ne, gobe ba mu san mene ne ba. Baba zai bi ni. Inda nake akwai manyan likitocin ido, zan sa a sake dubawa, kuma zan ɗaukar masa mai kula da shi."

"Ni fa?"

Auta ta matso. "Ke sai ki zo wurina, Inna. Na ga yadda kike hawa matakalata a karkace. Na tuna likita ya daɗe da cewa sai an yi miki aiki a gwiwar nan, kika ce ta warke. Ba ta warke ba. A yi aikin, in yi jinyarki da kaina."

Inna ta jingina tsintsiyar da bango.

"Wato kai ka ɗauki ɗaya, ke ki ɗauki ɗaya."

"Ba haka ba ne."

"Haka ne mana. Rabon gado kuke yi, sai dai gadon na numfashi. Kun gama da kujeru, kun gama da zarto, yanzu an zo kan masu gidan."

Babba ya ce, "Da zai yiwu ku zauna wuri ɗaya, da shi muka fi so. Gidana a hawa na sama yake, gwiwarki ba za ta iya ba. Na Auta kuma ɗaki ɗaya ne ya rage, ga yara, ga jinya. Ba za ta iya da ku biyu ba."

"A ɗaki ɗaya aka haife ka. Da gado, da murhu, da buhun ƙusoshi, duk a ciki. Ba wanda ya mutu."

"Na ɗan lokaci ne, Inna."

Ta yi wata 'yar dariya marar daɗi.

"Na ɗan lokaci. Kun tuna mai gyaran agogon da ke ƙarshen layin nan? Wanda yake ba ku alewa? Hannunsa ya fara rawa, 'ya'yansa suka zo da mota mai kyau. Shi ma na ɗan lokaci aka ce. Aka sa shi a ɗaki mai sanyi, aka kunna masa talabijin. Matarsa tana wani gari wurin wata 'yar. Da muka je duba shi, ya kama hannun ubanku ya ce, don Allah akwai wani agogon da ya lalace a gidanku? Ba a rufa shekara ba aka kira mu jana'izarsa. Kuna tambaya me ya sa na ɓoye. Ga amsar zaune a gabana, ku biyu."

Auta ta fara kuka ƙasa-ƙasa. "Mu fa hutu muke so ku yi. Kun sha wahala a kanmu."

"Wa ya ce miki mun gaji? Kin taɓa tambaya?"

"Inna, shekarunku."

"Shekarunmu sun yi me? Ku a ganinku idan mutum ya yi furfura sai a nema masa wuri mai laushi ya zauna jiran ranarsa. Kun san yadda muke wuni a gidan nan? Ba ku sani ba. Da safe ya riga ni tashi, ya dafa shayi da kansa, ya fi nawa daɗi, kada ku gaya masa. Mu fita mu zagaya layi, hannunsa a kafaɗata, mutane na cewa tsofaffin nan ba su da kunya. Mu dawo ya shiga shago. Ni in auna, in sa masa tsaga a jikin katako, shi ya yanka. Ya goga da sanfefa har sai ya shafa katakon a kumatunsa ya ji ya yi sumul. Da yamma mu kunna rediyo mu yi ta musu a kan labarai, ya ce ban san siyasa ba, in ce shi ma bai san ta ba. Yaran layi su zo ya gyara musu abin wasa. Wannan ne kuke so ku ba mu hutu daga gare shi?"

Ta juya ga Babba.

"Ka je ka nemo mutanen da ka ba kayan. Ka karɓo kujeruna, ka karɓo zartonsa, ka mayar min da igiyata. Tayil ɗin in shimfiɗa darduma a kai. Daga nan kowa ya kama hanyarsa kafin rana ta faɗi. Babu inda za mu."

Ta ɗauki tsintsiyarta. A wurinta magana ta ƙare.

"Ni zan je."

Muryar Kafinta ce. Ba ƙarfi a cikinta, amma ta cika falon.

Inna ta juyo. "Me ka ce?"

"Zan bi Babba."

"Buguwar ce ta taɓa maka kai. Riƙe tsumman ka yi shiru."

Ya sauke tsumman daga goshi, ya ninke shi a kan cinya. Ya juya fuskarsa daidai inda take tsaye, bai kuskure ba ko kaɗan.

"Ɗazu kin tambaye ni ko kunnena ya fara tafiya. Bai fara ba. Na ji ki. Kin ce in tsaya."

Tsintsiyar ta tsaya a hannunta.

"Tun daga bakin ƙofa hancina ya ji fenti. Ƙafata na sauka na ji ba dardumata ba ce. Na san an juya gidan, na san duk inda na nufa akwai abin da ke jirana. Na ci gaba da tafiya."

Babba ya ce, "Baba, da gangan?"

"Ba da kai nake ba."

Inna ta dafa sabon firji. "Ka jefa kanka a kan gilashi. Da gangan. Da ya shiga wuyanka fa?"

"Ban san gilashi ba ne. Na ɗauka katako ne, irin na mutanen kirki."

"Kada ka yi min wasa."

"Ba wasa nake ba. Sau nawa na roƙe ki mu gaya musu? Kika ce ranar da na gaya musu ba za ki yafe min ba. To ban gaya musu ba. Da idonsu suka gani."

"Saboda me?"

"Saboda ina jin ki. Kullum da safe idan za ki sauko daga gado, kina cusa gefen zani a baki don kada in ji. Ina ji. Kin ƙi aikin gwiwa don za a kwantar da ke, ba mai ce min tsaya, ba mai ce min taka. Matan da kike koya wa karatu a baranda, kin sallame su, kin ce musu kin tsufa. Ba tsufa ba ne. Tsoro kike in yanke yatsa kina can kina koyar da baƙi. 'Yar'uwarki ta yi doguwar jinya, ko kwana ɗaya ba ki je kin yi a wurinta ba har ta tafi. Ranar da aka kira ki, banɗaki kika shiga kika kunna famfo kika yi kukanki. Shi ma na ji."

Auta ta kifa kai a gwiwa.

Ya ce, "Kin ba su labarin wuninmu, ya yi daɗin ji. Amma wunina ne kika ba su labari. Naki ina yake? Na auri mace mai baki, mai ƙawaye, wadda ba ta zama wuri ɗaya. Yanzu kin koma sanda. Ni ban auri sanda ba, Innarsu."

Inna ta daɗe tana kallon sa. Tsohon da ta yi wa aski da hannunta shekaranjiya. Jini ya bushe a girarsa. Da ta buɗe baki, muryar ba ta yi rawa ba.

"Wa ya aike ka ka ji tausayina?"

"Ba sai an aike ni ba."

"Gwiwata ce. Ni na san inda nake kashe ta. Matan karatu ni na sallame su, idan na ga dama gobe in kira su. 'Yar'uwata tsakanina da ita ne, mun yi sallama ta waya, ta ce in zauna da kai, kai ba ka san wannan ba don ba komai kunnen naka ke ji ba. Ashe kai ma ka zama su. Su sun shiga baranda sun yanke min abin da zai fi min daɗi. Kai ka shiga cikin kanka ka yanke min. Duk cikinku babu wanda ya ce, ke me kike so?"

"Na san abin da za ki ce."

"Ba ka sani ba. Idan na buɗe taga da safe na ce maka yau hadari ya taru a gabas, ko bishiyar maƙwabta ta yi fure, kai a ganinka aiki nake yi maka? Da idonka na nan ban taɓa ɗaga kai na dubi sama ba. Sai da ya zama dole in gaya maka sannan na fara gani. Ka ce na zama sanda. To ni ban taɓa jin ina da amfani a duniya kamar shekarun nan ba, kuma ban taɓa dariya kamar su ba. Shi ne za ka karɓe, ka ce kyauta ka yi min. Kai da ɗanka duk hannunku ɗaya. Shi ya kwashe kujeru, kai za ka kwashe kanka."

Yatsun Kafinta suka matse tsumman.

"A yi miki aikin tukuna. Idan kin miƙe, sai a ga abin da Allah zai yi."

"Mai agogo ma haka aka ce masa."

"Ni ba shi ba ne."

"Shi ma da ba shi ba ne."

Ya yi shiru. Ta ɗauka ya sauko. Ta san shirunsa kala-kala, ta ɗauka wannan na saukowa ne.

Sai ya ce, "Babba."

"Na'am, Baba."

"Jakata tana motar Auta, ba a sauke ba. Mayar da ita taka. Zo ka kama ni."

Babba ya dubi uwarsa. Ya dubi ubansa. Ya tashi kamar wanda ƙafafunsa ba nasa ba ne, ya kama hannun tsohon. Kafinta ya yunƙura daga cikin kujerar da ƙyar, ya miƙe.

Inna ta saki tsintsiyar. Ta taka, gwiwar na ihu, ba ta saurare ta ba. Ta bi ta kan sauran gilashin, ta isa ƙofar fita kafin su, ta tsaya a tsakiya, hannu ɗaya a kowane gefe.

Babba ya ce, "Inna, don Allah."

"Kai, rufe min baki. Da mijina nake."

Suka tsaya. Tsakaninta da Kafinta bai fi tsawon hannu ba.

"Tun ina yarinya nake bin ka. Ɗakin haya, shagon da ruwa ya ci, asibiti, duk inda ka sa ƙafa na sa tawa. Ban taɓa kwana a wani gari kana wani ba sai da dalilin haihuwa. Yau ka ce ba ka son sanda. Na ji. Amma ni ba za a ajiye ni a ɗakin 'yata ina jiran waya ba, ana ce min matar wane, wanen kuma yana can wani ƙato na ba shi shayi a baki. Idan za ka shiga motar nan, ba da aurena za ka shiga ba."

Auta ta miƙe zumbur. "Inna!"

"Ka sake ni tukuna. Nan, a gaban 'ya'yanka. Sai in matsa maka ka wuce."

Can waje wani mai babur ya wuce yana hon.

Kafinta ya zare hannunsa daga na Babba a hankali. Ya tsaya da ƙafafunsa, shi kaɗai, fuskarsa na kallon tata kamar yana ganin ta. Leɓensa ya motsa, ya tsaya. Ya sake motsawa.

"Auta."

"Na'am, Baba."

Ya miƙa tafin hannunsa gefe, a buɗe.

"Nemo min takarda da biro."